Ta Tsaya a Sittin da Bakwai

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 7:00 na safe

148/92.

Likita ya ce in sami littafi in riƙa rubuta awon jinina safe da yamma, da abin da na ci, da abin da ya ɓata mini rai. Na ce masa likita, ni fa mai wayarin mota ne, da masu mota nake wuni, in dai ɓacin rai ne littafi ɗaya ba zai isa ba. Ya yi dariya ya ce in fara da ɗayan. To ga shi na fara.

Sista ta tafi jiya. Mahaifiyarta ta zame a banɗaki ƙashin ƙugu ya karye, za ta yi jinyarta sati biyu ko uku. Matata ce, amma da yake ungozoma ce a asibiti kowa Sista yake ce mata, ni ma na bi sahu tun tuni. Tana shiga mota ta bar mini umarni uku: in sha magani, in rage gishiri, kar in taɓa mata kwamfuta.

"Injiniya, kundin digirina yana ciki. Gyaran babi na biyar kawai ya rage, ranar ashirin da takwas zan miƙa, kuma ka san makaranta ta ce daga wannan babu ƙari."

Na ce yaushe kika taɓa ganin na taɓa miki? Ta ce, "Baƙin mai nake gani a jikin maus."

Litinin, 6:30 na yamma

171/101. Ban ci gishiri ba. Ban yi faɗa da kowa ba.

Talata, 4 ga wata, 6:45 na safe

Bari in rubuta yadda aka yi tun ban fara yi wa labarin kwaskwarima ba.

Wata mota aka kawo gareji jiya, irin sababbin nan masu wayoyi fiye da gashin kai, taswirar wayarinta kuma ba ta karantuwa a wayar hannu. Da rana na zo gida na kunna kwamfutar, minti goma kawai nake so. Sai ga saƙon nan da ya saba fitowa, wai akwai sabuwar babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya, a sa yanzu ko anjima? Wata shida Sista tana danna anjima. Wata shida kuma tana mitar kwamfutar ta yi nauyi, sai ta kunna ta je ta dafa shayi ta dawo ba ta gama buɗewa ba. Na ce a raina baiwar Allah tana can tana fama da jinya, bari ta dawo ta tarar da abarta tana gudu. Wallahi niyyata ke nan. Na danna yanzu.

Ta fara ƙirga, goma, talatin, hamsin. Ta kai kashi 67 cikin ɗari ta cije. Na koma gareji na dawo ƙarfe shida, tana nan a 67. A ƙasan allon an rubuta kar a kashe. Na karanta, ba zan ce ban karanta ba.

Amma shekara talatin ina wannan sana'a. In ƙwaƙwalwar mota ta rikice, kan batir ake cirewa a ƙirga goma a mayar. Kafin in gama tunani hannuna ya kai soket.

Yanzu in na kunna, tambari ya fito, wasu ɗigo-ɗigo su yi ta zagaye, ta ce tana ƙoƙarin maido da tsohuwar manhaja, allo ya koma shuɗi, ta mutu, ta sake tashi da kanta. Jiya na ƙirga sau goma sha huɗu na gaji.

Talata, 7:15 na yamma

165/98. Sista ta kira. An yi wa Mama aiki, an dace. Ta tambayi magani, ta tambayi gishiri. Ba ta tambayi na ukun ba, ni kuma ban ga dalilin ɗaga wa mai jinya hankali a kan abin da zan gyara gobe ba.

Laraba, 5 ga wata, 1:30 na rana

Na kwance bayan kwamfutar. Na busa ƙura, na zare 'yan allunan nan biyu na goge bakinsu na mayar, na cire ƙaramin batir ɗin ciki mai kama da maɓalli na ƙirga goma. Na sa mita: wuta tana shiga daidai, tana fita daidai. Babu fis da ya ƙone, babu wayar da ta narke. Abin da ke cin raina ke nan. A mota, ina ɗaga bonet hancina yake gaya mini inda matsala take. Wannan ko wari ba ta yi.

Na kalli bidiyo tara a waya. Wani mutum mai Turanci kamar ana korarsa ya ce a yi ta danna wani maɓalli tana tashi. Na danna har yatsana ya yi ciwo, wani shafi ya fito da zaɓi. Na zaɓi ta gyara kanta, ta ce ta kasa. Na zaɓi ta koma yadda take kafin sabuntawa, ta ce ba ta sami wurin komawa ba.

Dogo, bakaniken da muke gareji ɗaya shekara ashirin, ya ga ina ta latsa waya maimakon aiki. Na gaya masa sama-sama. Ya ce, "Ɗauke ta ka kai wa masu ita." Na ce ɗan abu ne, na kusa. Ya ce, "Kai ne fa kake zagin masu mota in sun yi jagwalgwalo kafin su kawo maka." Na ce ya ji da giyar da ke gabansa.

Laraba, 6:50 na yamma

Tambari, ɗigo, shuɗi. Tambari, ɗigo, shuɗi. Tuwon da ban ci ba ma ban dafa ba, burodi da shayi na sha a tsaye.

Alhamis, 6 ga wata, 5:00 na yamma

158/95. Na samo hanya. Bidiyo na goma sha biyu ya ce a je wata kwamfutar a sauko da sabuwar manhajar a kan filashi, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, a zo a tayar da mai ciwon da shi, kamar dai yadda muke tayar da mota da batir ɗin wata. Wannan na gane shi sarai.

Ba ni da filashi. Na duba durowar teburinta na sami wani ja, ta ɗaura masa guntun bandeji don kar ya ɓata. Na kai shagon da ake buga takardu a bakin titi, na yi komai da hannuna, bidiyo a hagu kwamfuta a dama. Wani gargaɗi ya fito da Turanci, mutumin bidiyon ya danna e bai ko tsaya ba, ni ma na danna.

Gobe in Allah ya yarda magana ta ƙare.

Juma'a, 7 ga wata, 11:20 na safe

Ta tashi! Alhamdu lillahi. Na bi mutumin taki-taki, inda ya zaɓa na zaɓa, inda ya goge na goge, ta ƙirga tun daga ɗaya har ɗari ba ta ko yi tari a 67 ba. Daƙiƙa goma sha ɗaya take buɗewa yanzu, na duba da agogo. Na kira Dogo na ce masa gobe ya zo ya ɗauki darasi.

Juma'a, 11:50 na safe

Hoton jikanmu da ke fuskar allon babu shi, wani tsauni ne a wurin. Foldar da ta rubuta wa KUNDI da manyan baƙaƙe babu ita. Na buɗe ko'ina. Ko'ina fes, kamar gidan da ba a tare ba.

Juma'a, 6:00 na yamma

176/104. Na kashe na kunna ya fi sau ashirin ko za su dawo. Amma Sista ba sakarya ba ce. Matar da ke ajiye rasit ɗin firji na shekara goma ba za ta bar aikin shekara huɗu a wuri ɗaya ba. Tana da ajiya a wani wurin, dole tana da ita.

Asabar, 8 ga wata, 4:10 na yamma

Ta kira tana cikin nishaɗi, Mama ta zauna da kanta yau. Na bi ta bayan gida na ce wani a gareji kwamfutarsa ta ƙone ya rasa komai, ita fa ta yi tanadi? Ta yi dariya.

"Ni za ka gaya wa? Ko gobara aka yi, Allah ya kiyaye, abu ɗaya za ka ɗauko mini. Jan filashin da ke durowata, mai bandeji. Komai yana ciki, har muryoyin matan."

Na ce to madalla. Na ce network yana katsewa.

Lahadi, 9 ga wata, 7:00 na safe

Ban auna ba.

Lahadi, 3:00 na yamma

Yana aljihuna. Ina ta taɓa bandejin.

Litinin, 10 ga wata, 2:00 na rana

Na naɗe kwamfutar a bargo na sa a bayan motar Dogo. Bai ce mini komai ba duk hanya, da ya yi mini tsiya ma da ya fi mini sauƙi.

Shagon yana saman bene a layin masu kayan lantarki, ɗan tsukuku, fanka ɗaya, matattun kwamfutoci jere har rufi. Mai shagon mace ce. Za ta yi sa'ar babbar 'yarmu da tana raye. Ta ba ni kujera ta ce, "Baba, me ya same ta?"

Na ce wuta aka ɗauke tana tsakiyar sabuntawa. Haka bakina ya faɗa, Dogo ya juya yana kallon fanka.

"To bayan nan fa?"

Na gaya mata sauran, filashi, bidiyo, gogewa. Tana ji tana kwance sukurori, ba ta ɗago ba sai da na gama.

"Baba, in gaya maka gaskiya ko in lallashe ka?"

Na ce gaskiya.

"Katsewar nan ba ta taɓa fayil ko ɗaya ba. Da ranar ka kawo ta, minti arba'in ya ishe ni in kwashe maka komai. Gogewar ce ta yi ɓarna, sannan ka zuba sabuwa a kan wurin. Tun Juma'a kana kunna ta?"

Na ce ina dubawa ne ko za su dawo.

"Duk kunnawa ɗaya, tana ƙara rubutu a kan abin da muke nema."

Na miƙa mata filashin. Ta juya shi ta kalli bandejin, ta kalle ni, ta ce za ta sa na'ura ta bi faifan ajiyar kwamfutar da filashin lungu-lungu, abin da bai mutu ba zai fito. Kwana huɗu ko biyar. Ba ta yi mini alkawarin komai ba. Ni ma haka nake yi wa masu mota in na san injin ya tafi.

Talata, 11 ga wata, 5:30 na yamma

169/100. Na je shagon. Kashi 22.

Laraba, 12 ga wata, 5:30 na yamma

Kashi 41. Ta ce, "Baba, zuwanka ba ya ƙara mata sauri, ga benen nan ba ya yi maka daɗi." Na ce hanya ce ta biyo da ni. Ta san babu hanyar da ke bi ta saman bene.

A gareji na haɗa wa wani fitila, ya danna hon sai fitilar ta kama. Shekara talatin ban taɓa yin irin wannan ba. Mutumin ya zage ni tas, na tsaya na saurara har ya gama.

Alhamis, 13 ga wata, 1:00 na rana

Ta kira. Mama tana yawan barci yanzu, ita kuma zaman banza ya ishe ta.

"Injiniya, na janye dokata na minti biyar. Wanke hannunka ka kunna kwamfuta, ka turo mini babi na biyar a waya in riƙa dubawa."

Na ce intanet ɗin gida ya lalace tun shekaranjiya, na kira su ba su zo ba.

"Kai da kake gyaran waya?"

Na ce wannan ba irin tawa ba ce. Ta ce ba komai, ta kusa dawowa, sati ɗaya ya ishe ta ta gama. Sannan ta ce muryata ba ta yi mata ba, ko na daina shan magani?

Shekara talatin da ɗaya da aure. Na ɓoye mata abubuwa, wane namiji ne bai ɓoye ba, amma ban taɓa ƙirƙiro ƙarya da kai da ƙafa na miƙa mata ba sai yau. Kuma ta karɓa nan take, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Juma'a, 14 ga wata, 5:45 na yamma

Kashi 88. Na tambayi mai gyara ko malamin da ke duba wa Sista kundin ba zai kasance da kwafi ba. Ta ce ni zan fi sani. Na sani kuwa. Babi uku na farko ta tura masa bara. Na huɗu da na biyar, inda ainihin aikin yake, ba ta tura ba, don Sista ba ta nuna abu sai ta gama shi tsaf. Ko ɗinki take yi ba ka gani sai ta yanke zare.

Asabar, 15 ga wata, 4:00 na yamma

An gama. Daga filashin babu abin kirki. Daga faifan an sami fayil dubu goma sha ɗaya da ɗari uku da wani abu, ta zuba mini a wani faifan na aro. Babu mai suna a cikinsu, lamba ce kawai, f0000001 har ƙasa. Ta ce sunaye da foldoji su ne farkon abin da ke tafiya, sai dai a buɗe ɗaya bayan ɗaya. Ta ara mini tsohuwar kwamfutar hannu, ta ce kar in haɗa faifan da ta gida.

Da zan sauko ta ce, "Baba, mai aikin ta sani?" Na ce tana jinya. Ta ce, "Ita ta san abin da take nema. Kai ba ka sani ba."

Litinin, 17 ga wata, 6:30 na yamma

Kwana biyu ban je gareji ba. Na buɗe dubu huɗu. Yawanci tarkacen kwamfuta ne, 'yan gumaka da shafukan da ba sa buɗewa. Hotuna suna fitowa rabi, sama mutum ƙasa toka. Na ga kaina a wani biki ba ni da ƙafafu.

Takardu in ka buɗe sai ka ga ƙwari-ƙwarin alamu shafi ɗari. Na sami babi na biyu, wanda malamin yake da shi. Na sami takardar neman hutunta ta shekara uku da suka wuce, lafiyarta lau, ko waƙafi bai ɓata ba.

Talata, 18 ga wata, 2:15 na rana

Lamba 6,912. BABI NA HUƊU. Na miƙe tsaye ni kaɗai a falo. Sakin layi ɗaya da rabi, ya tsaya a tsakiyar jimla, daga nan sai ƙwari har ƙarshe.

Na karanta ɗaya da rabin sau biyar. Ban san haka take rubutu ba.

Laraba, 19 ga wata, 12:00 na rana

Na kai kan muryoyin. Mata tamanin da huɗu ta yi hira da su cikin shekara biyu, waɗanda suka yi zubar jini bayan haihuwa suka rayu, da iyaye da 'yan'uwan waɗanda ba su rayu ba. Ranakun hutunta take bi gida-gida, ni ina mitar ba ta zama. Tana ɗauka a waya, ta juye a kwamfuta, ta goge na wayar don ba wuri. Goma sha tara ne suke buɗewa. Sauran shuuu kawai.

Bai kamata in saurara ba, amana ce aka ba ta. Na ce zan ji farkon kowanne ne kawai in tabbatar yana aiki.

Na goma sha ɗaya wata dattijuwa ce, tana ba da labarin 'yarta ta kasa ƙarasawa. Ana jin kaji a tsakar gida. Sai na ji Sista, da wata murya ƙasa-ƙasa da ban san tana da ita ba.

"Yi kukanki, Inna, ba sauri muke ba. Ni ma tawa haka ta tafi, ta fari. Ina tsaye a kanta, ina ungozoma, na san sunan kowane magani, babu wanda ya tsayar da shi."

Shekara biyar ba ta faɗi wannan a gidan nan ba. Ni ma ban faɗa ba. Wata takwas bayan abin ta ce za ta koma makaranta, na ce a wannan shekarun, me za ki yi da digiri? Ta ce sha'awa ce kawai. Na yarda sha'awa ce, don ya fi mini sauƙi.

Na rufe kwamfutar na fita tsakar gida. Na wanke fuska sau biyu.

Alhamis, 20 ga wata, 7:00 na yamma

Ƙanwarta ta karɓe ta jinya. Gobe za ta taso da motar safe. Na mayar da kwamfutar kan tebur na haɗa wayoyi, na goge maus. Na mayar da filashin durowa, na sake ɗauko shi, na sake mayarwa.

Dogo ya ce, "Ka ce wuta ce mana. Wa zai ƙaryata ka? Ni dai ban ga komai ba." Yana so ya taimake ni ne.

Juma'a, 21 ga wata, 6:20 na yamma

Ta iso ƙarfe biyu, ta rame. Na bari ta yi wanka ta ci abinci. Tana cewa in ɗauko na'urar awo ta gani da idonta, na ce ta zauna akwai magana.

Na fara daga cewa kwamfuta ta sami matsala. Ta ce, "Wuta ce ko? Na sha gaya maka mu sayi abin riƙe wutar nan." Ta buɗe mini ƙofa da kanta, saura in shiga kawai.

Na ce ba wuta ba ce, ni ne. Na faɗi komai a jere kamar yadda yake a littafin nan. Da na zo kan gogewa ta ɗaga hannu ta ce, "Ba komai, ba komai, akwai filashi," ta yunƙura za ta tashi. Na ce Sista, zauna.

Ta daɗe tana kallona. Ta tashi ta buɗe durowa ta ɗauko shi, ta sa a kwamfuta, ta danna maɓalli. Kafin ta gyara zama allon ya buɗe.

Ta ce, "Ta yi sauri kuwa."

Ta buɗe filashin ta duba, ta zare, ta kwance bandejin ta naɗe shi a yatsa. Ta ce, "Ranar Alhamis da na ce ka turo mini babi na biyar, ka riga ka sani?" Na ce e. Ta ce, "To." Ta shiga ɗaki. Ba ta buga ƙofa ba, a hankali ta tura ta.

Asabar, 22 ga wata, 8:00 na safe

Ta ajiye mini magani da ruwa a kan tebur, kamar kullum.

Lahadi, 23 ga wata, 5:00 na yamma

Tun safe tana kan faifan aro, abin ji a kunne, takarda a gaba. Cikin awa uku ta ware abin da na yi kwana huɗu ina lalube. Na kawo shayi ya huce a wurin. Na ce ko akwai abin da zan yi? Ta zare kunne ɗaya ta ce, "Ka saurari waɗannan?" Na ce kaɗan. Ta ce, "Har na goma sha ɗaya?" Na ɗauke kofin shayin. Ta mayar da abin kunnenta.

Ina so ta yi ihu. Ina so ta kira ƙannenta ta gaya musu irin mijin da take aure, ta fasa kofi, ta ce in fita. Ba ta yi ko ɗaya ba, tana ce mini sannu in na shigo.

Litinin, 24 ga wata, 4:30 na yamma

Ta je wurin malaminta, na kai ta na jira a mota. Minti hamsin. Da ta fito ta gaya mini tana kallon gaba: mutumin ya yi iya ƙoƙarinsa, ya kira na sama da shi a gabanta. Shekarunta na karatu sun cika, an yi mata ƙari sau biyu. Mata goma sha tara ba su isa kundi ba, alƙaluman kuma duk sun tafi. Ko ta miƙa cikakke ranar Juma'a, ko ta rubuta takardar janyewa da kanta kafin sha biyun rana. In ta janye, wata rana tana iya sake nema daga farko. In ta yi shiru, korarta za a yi.

Na ce zan shiga in gaya masa laifina ne. Ta ce, "Ya sani. Ya ce in gaishe ka."

Na ce matan fa, ba za a koma musu ba? Ni zan tuƙa ki, ko'ina ne, in rufe gareji. Ta ce, "Shida sun rasu. Wasu sun tashi. Sauran kuma in je in ce musu me? Ku sake yi mini kukan, na farko ya ɓata?"

Laraba, 26 ga wata, 6:00 na yamma

Kwana biyu tana gwada rubuta babi na huɗu daga ka. Ta cika shafi tara da hannu. Yau da la'asar ta jera su ta sa a durowa, ta tashi ta hau wankin labule. Labulen ba su yi datti ba.

Alhamis, 27 ga wata, 7:00 na safe

Ta ga littafin nan a kan firji ta ce, "Kana rubuta awon?" Na ce ina rubutawa. Ba ta buɗe ba.

Juma'a, 28 ga wata, 1:40 na rana

Ƙarfe tara ta zauna ta buga takardar janyewar a kwamfuta. Layi shida. Ita ce takarda ta farko da aka rubuta a sabuwar manhajar. Ta danna a fitar, firinta ta yi shiru. Ta sake dannawa, shiru. Ina bakin ƙofa ina gani, ban matsa ba.

Ƙarfe goma saura ta ce, ba ta juyo ba, "Zo ka duba mini wannan. Sha biyu suke rufewa."

Na ce ko a kai shagon bakin titi? Ta ce, "Ba na son kowa ya karanta."

Na wanke hannu na zauna. Sabuwar manhajar ba ta san firintar ba, sai an sauko mata da wata 'yar manhaja da za ta haɗa su. Na karanta kowane layi sau biyu, wanda ban gane ba na tambaye ta ta fassara mini, ban danna komai ba sai ta ce danna. Ina yi ina roƙon Allah a raina kar ta yi aiki. Wallahi haka na roƙa, ko za a ce sha biyu ta wuce, ko wani abu, ban san me ba.

Minti goma sha biyar ta kama. Firintar ta yi ƙara ta ja takarda, ta fito da ita tsaf, baƙi ya fita raɗau, ko layi ɗaya bai karkace ba. Duk watan nan abin da na gyara ke nan.

Na ɗauko takardar da ɗuminta na miƙa mata. Ta karanta daga sama har ƙasa, ta dafa ta a kan tebur, ta laluba jakarta ba ta sami abin sa hannu ba. Ta ce in ara mata biro.

Wannan da nake rubutu da shi na ba ta.